Ɗakin Shawara da Kwalayen Shugaba

Kafin wata ta rubuto mini a ƙasan labarin nan cewa ai da na yi magana tun farko, bari in riga ta: na sani. Yayata ta faɗa mini, ni ma na faɗa wa kaina a gaban madubi har bakina ya gaji. Ku dai ku gyara zama ku ji yadda mace mai takardar shaidar iya magana da mutane ta kasa buɗe baki a kan ɗaki guda mai taga ɗaya.

Ni ce malamar shawara a wata makarantar sakandare. Ba ni da aji, ba na riƙe alli. Aikina shi ne ɗalibi ya shigo da abin da ya tokare masa ƙirji, ya zauna, ya sauke. Yara ne suka fara kirana Malama Shawara, malamai suka ɗauka, har sunana na gaskiya ya ɓace a makarantar. Shekara biyar na yi ina karatun wannan aiki. An koya mana yadda ake ajiye kujera a ɗan karkace don kada yaro ya ji kamar a gaban alƙali yake. An koya mana kada mu katse mai magana, mu bar shiru ya yi aikinsa, mu maimaita wa mutum abin da ya faɗa da lafazi mai laushi har ya tabbata an ji shi. An koya mana tsaya wa ɗalibi a gaban iyayensa da malamansa. Amma yadda za mu tsaya wa kanmu, ko darasi ɗaya ba a yi mana ba.

Shi ya sa a makarantarmu duk malamin da bai zo ba, sai ka ji an ce, "A kira Malama Shawara, ai ba ta da abin yi." Na tsare jarrabawa, na raba littattafai, na raka yara asibiti, har ƙararrawa na taɓa kaɗawa. Duk ban ce uffan ba. Ina da abu ɗaya da nake rarrashin kaina da shi: ɗakina. Yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin karatu. Kujeru biyu ne a ciki da ƙaramin tebur, da fanka mai kuka kamar jariri, da labule ruwan toka da na kawo daga gida. Abin da ya fi komai daraja a ɗakin shi ne ƙofarsa. Ta katako ce, mai kauri, in an rufe ta an rufe.

Ranar Litinin na buɗe ƙofar nan na tarar da kwalaye bakwai a jingine da bango. Masinja ya ce Shugaban makaranta ne ya ce a ajiye na ɗan lokaci, tsofaffin takardun jarrabawa ne. Na ce to. Ranar Talata suka zama ashirin, har sai na yi gefe-gefe nake isa kujerata. Na sake cewa to. Ranar Laraba na tarar da takarda a allon sanarwa: daga mako mai zuwa ɗakin shawara ya zama ɗakin ajiya, an tanadar wa Malama Shawara tebur a ɗakin malamai, kusa da firij.

Kusa da firij, jama'a! Ɗakin da malamai talatin ke zama, wannan yana musun ƙwallo, wancan yana dukan tebur, butar shayi tana tafasa tun safe har tashi.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mako uku ta yi tana zuwa wurina tana cewa kanta ke ciwo, ina ba ta ruwa, muna zaune shiru. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ɗago ta ce, "Malama, in na faɗa miki wani abu..." sai ƙararrawa ta kaɗa. To ranar Larabar nan, masinja yana ta jibga kaya a ɗakina, na je na zauna a sabon teburina in ga yadda yake. Sai ga ta a bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi malamai, ta dubi malamin wasanni da ya ɗora ƙafa a kan kujera.

"Shigo mana," na ce.

"Ba komai, Malama. Biro nake nema."

Ta juya ta tafi. Aikin mako uku ya bi ruwa ina kallo.

Yanzu bari in kawo muku inda gizo ke saƙar. Wanda zan aura a makarantar yake. Malamin lissafi ne, dogo, kullum da biro uku a aljihun riga, guga kamar za ta yanke ka. Shi ke tsara jadawalin darussa, shi ya sa kowa ke ce masa Jadawali. Ke nan duk gurbin da aka cusa sunana a ciki, da hannunsa mai kyawun rubutu aka cusa. Wata bakwai muna tare, manya sun riga sun shiga maganar. Shugaban makaranta kuwa kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi tun yana firamare.

Ina cikin motar haya saƙon Jadawali ya shigo.

"Na ga sanarwa. Kin yi fushi?"

"A'a, rawa nake yi."

"Teburin fa yana kallon nawa. Ni riba na ci."

Na kife wayar a cinya. Mutum yana cikin ruwa, wani yana yaba masa iyo.

A gida na tarar da Umma a falo tana ninke wanki, Yaya kuma ta zo da ɗinkin da za ta ƙarasa, ta baje yadi a kan kafet, tef a wuya, allura a baki. Yayata tela ce, tana da shago da mata huɗu a ƙarƙashinta, kuma ba a taɓa jin wanda ya taka ta ya kwana lafiya ba. Ban cire mayafi ba na zayyana musu komai.

Umma ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ki rufa mini asiri. Mutumin nan surukinki ne. Ɗaki ne fa kawai, ba a kore ki daga aiki ba."

"Umma, ɗakin shi ne aikin."

"To ki yi aikin a hankali. Ba na son a ce 'yata tun ba ta shiga gidan mutane ba ta fara ɗaga wa manyansu murya."

Yaya ta zare allurar daga baki. "Wace murya? Wannan tana da murya ne? Umma, yarinyar nan in ɓarawo ya shigo ɗakinta, kujera za ta ba shi ta tambaye shi yadda yake ji a ransa."

"Yaya, don Allah."

"Ƙarya na yi? Kullum kina koya wa 'ya'yan mutane su buɗe baki. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta mana."

Na shige ɗaki na buɗe zauren da muka yi a waya, mu 'yan ajinmu da muka karanta aikin shawara. Na rubuta abin da ya faru, ina jiran wata ta ba ni dabara. Ɗaya ta ce ita shekara biyu ke nan tana tsaron shagon makaranta. Ɗaya ta ce ita a ƙarƙashin matattakala take ganin yara. Wani ya ce shugabansu har yau bai san bambancin malamin shawara da malamin horo ba, bulala ya miƙa masa ranar da ya kama aiki. Kowa ya zuba nasa, muka yi ta tura wa juna hoton fuska mai hawaye. Mu goma sha tara, duk mun iya jaje, ba wanda ya iya cewa ga abin da za a yi.

Na ce ni zan yi. Na samu ɗan kati na rubuta hujjojina guda huɗu. Ranar Alhamis na sa doguwar rigata ruwan bula mai duhu, wadda Yaya ta ce tana sa ni kama da mai hukunci, na ɗaura ɗankwali tamau, na ce yau sai ofishin Shugaba.

Ban kai ga zuwa ba. Wajen sha ɗaya da rabi shi da kansa ya turo ƙofar ɗakina, wai ya zo ganin yadda aka jera kaya. Babban mutum ne mai jiki, da farin gilashi, muryarsa kaɗai tana sa layin yara ya miƙe. Ya dudduba kwalayen, ya mayar da ƙofa ya rufe, sai kawai ya zauna a kujerar ɗalibai.

Na miƙe da katina a hannu. "Yallaɓai, dama ina son in same ka a kan..."

Sai ya yi ajiyar zuciya.

Ku da ba aikinku ba ne ba za ku gane ba. Akwai irin ajiyar zuciyar da ke fitowa daga can ƙasan ciki, wadda mutum ke yi in ya daɗe yana neman inda zai sauke kaya. Shekara biyar aka yi ana horar da kunnena a kanta. Wallahi ban san lokacin da na koma na zauna ba. Ban san lokacin da na karkatar da kai ba. Sai dai na ji bakina yana cewa, "Kamar a gajiye kake, Yallaɓai."

Shi ke nan, na ɓallo wa kaina ruwa.

Abin da ya faɗa mini zan faɗa muku ne kawai don ba ku san shi ba, ba ku san makarantar ba, ba kuma za ku taɓa sani ba. Wata huɗu ke nan da likita ya ce yana da ciwon suga, wanda sai da allura. Kullum da rana sai ya yi wa kansa, kuma yakan so ya ɗan kishingiɗa na minti goma sha biyar. Ofishinsa kuwa gabansa duk gilashi ne, ga sakatariya, ga iyayen yara suna shigowa ba sallama. A banɗaki yake yi, wani lokaci a cikin mota. Sau biyu jiri ya kusa kayar da shi a gaban taron ɗalibai. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, kuma ya tabbata in masu makarantar suka ji, za su sallame shi da godiya da agogon bango. Ba wanda ya sani sai matarsa.

"Har yaron nan da za ki aura ban faɗa masa ba," ya ce. "Zai je ya tayar wa uwarsa hankali."

Kwalayen dai lulluɓi ne. In ɗaki ya zama na ajiya, ba mai tambayar abin da ya sa Shugaba ke shiga ya rufe ƙofa.

Ni kuma me na ce? Na ce, "Na ji kamar ka daɗe kana ɗauke da wannan kai kaɗai." Na tura masa tishu. Na bar shiru ya yi aikinsa. Minti arba'in muka yi. Da ya miƙe har fuskarsa ta washe.

"Ban san abin da ya sa na faɗa miki ba," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Lallai kin iya aikinki." Ya miƙo hannu. "Kawo makullin, kada in sa masinja ya yi ta nemanki."

Na ba shi. Da hannuna na dama na ba shi, katin hujjojina yana hannun hagu.

Da na koma gida Yaya tana nan, ta zo ƙarasa ɗinkin jiya. Ta dubi rigar, ta dubi fuskata.

"Yaya aka yi, mai hukunci?"

"Na ba shi makullin."

Ta yi dariya har ta kwanta a kan yadin mutane. Umma kuwa ta ce alhamdulillahi, tarbiyya ta yi rana. Ni ga bakina cike da dalili, ba halin furtawa. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma ba wanda ya gaya mini cewa wata rana sirrin wanda ya ƙwace mini ɗaki zan riƙe masa.

Mutumin nan yana da buƙata ta gaskiya. Yarinyar nan ma tana da buƙata ta gaskiya. Ni aka koya wa tausayin kowa, kuma a lissafin tausayin nan kullum ni ce ragowar da ake zubarwa. Na kuma tambayi kaina: da ya zauna a kujerar nan, a matsayin wa ya zauna? Shugabana ne da ya zo karɓar makulli, ko mutum ne da ya zo neman mai saurare? In na farko ne, ba ya bi na bashin rufin asiri. In na biyu ne, ko wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba. Shi kansa ina jin bai sani ba.

Da la'asar Jadawali ya kira.

"Ki bar mini," ya ce. "Zan je gida in yi wa Kawu magana. Bai taɓa hana ni abu ba."

"A'a."

"A'a kuma? Ba ɗakin kike so ba?"

"Ina so. Amma in kai ka karɓo, ya zama kyautar da aka yi wa amaryar ɗan gida. Ranar da muka yi faɗa fa? Ko ranar da aka kawo wata malamar shawara wadda ba ta auri kowa ba?"

"Ke dai ba ki yi ba, ba ki bari an yi miki ba."

"Ka fara cire sunana daga gurbin malamin tarihi, in taimako kake so."

Sai ya ce layin ba ya da kyau.

Ranar Asabar na tafi shagon Yaya na ce ta koya mini. Ta ɗauka wasa nake yi, sai da ta ga na ajiye jaka. Ta kori matan shagon su je cin abinci, ta zauna a bayan keken ɗinki, ta ɗora gilashi a karan hanci, ta kumbura murya.

"Ni ne Shugaba. Me ke tafe da ke?"

"Yallaɓai, na san makaranta tana fama da ƙarancin wuri, kuma na fahimci..."

Ta buga almakashi a tebur har na zabura. "Wa ya aike ki ki yi masa bayanin matsalarsa? Shi bai san ta ba ne? Faɗi abin da kike so tukuna. Dalili ya biyo baya, in an tambaya."

"Ina son a mayar mini da ɗakina."

"Miƙe wuyanki. Me ya sa kike karkatar da kai kamar kaza ta ji motsi?"

"Haka aka koya mana. Yana nuna kana saurare."

"To yau ba saurare kika zo yi ba. Sake."

Na sake. Ta yi ajiyar zuciya ta ƙarya, ta dafe goshi, ta ce, "Wayyo, Malama, ba ki san halin da nake ciki ba." Na buɗe baki zan ce na fahimta, almakashi ya sauka. Sau tara ya sauka a ranar, na ƙirga.

"Kuma in kin gama, ki yi shiru," ta ce.

"Ai shiru na iya shi."

"Ba irin naki ba. Naki na jiran mutum ya yi kuka ne. Nawa na jiran ya ce to."

Ban so maganar ta kai ga taron malamai ba, Allah ya sani. Ranar Litinin da safe sau biyu ina zuwa ofishinsa don mu yi magana mu biyu. Sakatariya ta ce yana da baƙi. Ta gilashi ina hango shi shi kaɗai, ya sunkuyar da kai a kan takarda. Ban yi mamaki ba. Wanda ya yi kuka a gabanka yakan yi kwana biyu ba ya son haɗa ido da kai.

Ƙarfe biyu aka shiga taron malamai. Na zauna a teburina na kusa da firij. Aka yi maganar jarrabawa, aka yi ta masu makara. Mataimakin Shugaba ya karanto, "Sauyin ɗakuna, an riga an kammala. Abu na gaba..."

Na miƙe. Ban karkatar da kai ba, wuyana a miƙe.

"Ina son a mayar mini da ɗakina."

Malamin wasanni ne ya fara dariya. "Wai shawarar ma sai da ɗaki? Ni fa a fili nake aikina, rana tana dukana."

Kalmar nan ta "na fahimta" ta zo har bakin leɓena. Na haɗiye ta.

"Malam, ranar da 'yarka take da maganar da ba za ta iya faɗa maka ba, a gaban mutum talatin kake son ta faɗa? Makon jiya wata ta zo har bakin ƙofar nan, ta gan ku, ta koma. Ban san abin da ta koma da shi ba. Aikina ba ya yiwuwa sai da ƙofa."

Na yi shiru irin na Yaya. Yana da wuya, jama'a. Kamar ka riƙe garwashi.

Sai malamar kimiyya, wadda ba ta san komai ba, ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, ni abin da ban gane ba, ɗakin ajiyar da ke bayan ɗakin gwaji fanko ne tun bara. Me zai hana a kai kwalayen can?"

Kowa ya juya ya dubi Shugaba. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ga biron da ke hannunsa yana rawa, ya ajiye shi, ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur. Ni kaɗai na san dalili, kuma kalma uku sun isa in gama da maganar.

Jadawali ya miƙe. "Kawu... Yallaɓai, gaskiya ni ma ina ganin..."

"Malam, zauna," na ce. "Maganata ce."

Wani ya ce "Kai!" a can baya. Jadawali ya dube ni kamar na watsa masa ruwan sanyi, ya koma ya zauna a hankali.

Shugaba ya cire gilashinsa. Muryarsa ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. "Malama, tunda kin kawo mu nan, ƙarasa. Faɗi abin da kika sani."

Ya riga ya sallama. Ya ɗauka abin da na miƙe yi ke nan.

"Ba ni da abin ƙarasawa, Yallaɓai. Abin da aka faɗa a ɗakin can, a can yake kwana, ko na 'yar aji ɗaya ne ko na wane ne. Shi ya sa nake son ɗakin." Na ci gaba. "Daga sha biyu zuwa sha biyu da rabi kullum ina zagayen azuzuwa, ɗakin a rufe yake. In akwai takardun da dole sai an ajiye a can, kwali biyar za su shiga kusurwa. Mai kula da su ya riƙe makulli ɗaya, ni in riƙe ɗaya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya mayar da gilashinsa.

"A yanka wa Malama makulli. Kwalaye su koma bayan ɗakin gwaji, a bar biyar. Abu na gaba."

Na zauna. Malamar kimiyya ta matso ta raɗa mini, "Ashe kina da baki." Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Ina zaune ina ta juya abin da na faɗa. Ban fasa ƙwai ba, gaskiya ne. Amma mutum talatin sun ji cewa akwai abin da aka faɗa a ɗakin can, kuma sun ga wanda ya yi gumi. Wanda ya ɓoye abin da ke cikin tukunya amma ya nuna tukunyar, ya riƙe amana ko bai riƙe ba? Har yanzu ban gama da wannan tambaya ba.

Ranar Talata da hantsi 'yar aji biyar ta shigo, ta mayar da ƙofar da kanta ta rufe. Sai da ƙararrawa ta kaɗa sau biyu kafin ta fita. Iyakar abin da za ku ji ke nan.

Jadawali kuwa tun bayan taro bai turo ko gaisuwa ba. Na duba wayar nan har ta yi zafi. Sai da yamma, ina tsakar gida ina kwashe shanya, Umma ta leƙo ta ce ya zo, yana falo. Na sa mayafi, na haɗa shayi na kai masa. Ko biro ɗaya babu a aljihunsa, rigar ma ba guga.

"Zaunar da ni da kika yi a gaban mutane, na haɗiye," ya ce. "Ba shi ya kawo ni ba. Me Kawu ya faɗa miki?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ni ne fa."

"Na san kai ne."

"Na ga hannunsa jiya. Kowa yana kallonki, ni hannunsa nake kallo. Mutumin nan shi ya saya mini takalmin makaranta na farko. In wani abu yana damunsa, wa ya fi cancanta ya sani, ni ko ke?"

"Kai."

"To?"

"Je ka tambaye shi."

"Na tambaya. Ya ce gajiya ce." Ya matso bakin kujera. "Ba zan ce ke kika faɗa ba. Ko da kai ki amsa mini. Ciwo ne?"

Na dubi idonsa, sun yi ja. Yana da gaskiya, kuma ina son sa, kuma na san gyaɗa kai sau ɗaya zai wadatar. Na riƙe wuyana kamar an kafe shi da ƙusa.

"To haka zaman namu zai kasance?" ya ce. "Ki dawo gida kullum da maganganun mutane a cikinki, har da na dangina, ni ina waje ina ƙwanƙwasawa?"

"Haka zai kasance. Gara ka sani tun yanzu."

Sannan ya miƙe, ya ɗaga murya ya yi wa Umma sallama ta bayan labule, ya fita. Ban ji tashin motarsa da wuri ba. Ya daɗe a zaune a ciki kafin ya tayar.

Umma ta fito ta tsaya a kan kofin shayin da ko taɓa shi bai yi ba. Na san ta ji komai, labulen falonmu ba ya tare ko tari.

"Zai dawo?" ta ce.

"Ban sani ba, Umma."

Ta ɗauki kofin, ta juya za ta shiga kicin, sai ta tsaya.

"To, na makaranta dai kin ƙwato. Allah ya sa ya ishe ki."

Wayata tana kan hannun kujera, fuskarta a sama, har aka kira magariba ba ta yi haske ba.